Nikon D850 ta hannu: hoton bango ya fito, amma ƙura ta ci min riba

Masu tambayata ko kamarar Nikon D850 da na saya ta ci kuɗinta, ga abin da idona ya gani. Sana'ata hoto a nan Tawa, na biki da suna da na katin shaida. A Yamai na saye ta, ta hannu, da gilashin zum guda da mai ita ya haɗa min. Farashi kuwa, ni dai babur ɗina a cikinta ya tafi.

Wani ɗan kasuwa ne ya zo yana son hoton mahaifinsa a bangon falo, santimita 150 a tsaye, 100 a kwance. Gabana ya faɗi. Kamarar megapiksel 45.7 gare ta, wato piksel 8256 a 5504, kuma in an bi ƙa'idar 300 dpi (yawan ɗigo a kowane inci na takarda) da masu bugawa ke so, girman bai wuce santimita 70 a 47 ba. Mita ɗaya da rabi zai sauko da shi wajen 140 dpi. Na karɓi aikin dai. Na kafa ta kan mai ƙafa uku da hantsi, ISO 64 (ma'aunin jin haske, a ƙasa don hoto ya fito tsaf), RAW (ɗanyen fayil da ba a matse ba), na tsuke ƙofar hasken gilashi zuwa f/11 don riga da fuska su fito tare. Tsohon na zaune gaban farin bangon zaurensa, na ce, "Baba, a ɗan ɗaga haɓa, kada a motsa."

Fayil ɗin a kile (ɗan filashin USB) na sa shi, na hau mota da kaina zuwa Yamai, don wurin farko da na kira cewa suka yi in turo ta WhatsApp. Hoton da WhatsApp ya matse me zai rage a cikinsa?

Da aka warware takardar kan tebur, wallahi shiru na yi. Aikin wuyan babbar rigar, aska takwas, zare ɗaya-ɗaya ake gani, har inda allurar maɗinki ta ɗan kauce. Furfurar gemu kowace da kanta, ba farin dunƙule ba. Abin da ya fi kama ni shi ne ƙarƙashin rawani. Duk mai ɗaukar baƙar fata cikin farar shadda ya san wahalar: ko rigar ta ƙone fari fat, ko fuskar ta nutse cikin duhu. A nan inuwar goshi tana nan, amma tsagar fuskarsa da ƙyallin ido duk sun tsira, shaddar ma da zanen jikinta. Na matso har hancina ya kusa taɓa takardar, ban ga ƙwayoyin piksel ba. Wanda zai tsaya mita biyu daga bango kuwa ba ruwansa da lissafin dpi.

To, sai na ɗaga kai sama. A farin bangon da ke bayan tsohon, ɗigo-ɗigon toka-toka ne a warwatse, babban cikinsu ya kai kwabbon dala biyar. Ƙura ce kwance kan sensa, wato ɗan farantin cikin kamara mai kama hoto. Mai sayarwar nan ya dafa ƙirji ya ce min, "Malam, an goge ta tas, ba abin da za ka gani." A ɗan allon bayan kamara ba ka ganin komi, a hoton katin shaida ma haka, amma f/11 da mita ɗaya da rabi sun tona ta. Ba zan miƙa wa mutum hoton ubansa da tabo a kansa ba. Na goge su a kwamfuta, aka sake bugawa, daga aljihuna. Ribar aikin nan ta tsaya.

Tun daga nan raina bai koma daidai ba. Zum ɗin da ya haɗa min ma bai kai ta ba: tsakiya ras, amma a hoton dangi na biki waɗanda ke gefe-gefe fuskokinsu sun yi laushi, abin da tsohuwar kamarata ke rufa min asiri a kai. Hannu ya ɗan girgiza, ta nuna. Kowane RAW wajen mega 50, kwamfutata sai nishi take, katin ajiyar hoto na XQD mai sauri kuwa na nema a nan ban samu ba, da SD nake lallaɓawa. Ashe bayan kuɗin kamara akwai na gilashi, akwai na kwamfuta.

Duk da haka ba zan sayar da ita ba. Ranar da muka rataya hoton, ɗan ya daɗe tsaye, sannan ya nuna wani ɗan tabo a yatsan tsohon ya ce, "Malam, har wannan ta kamo?" Maƙwabcinsa ma ya ba ni aikin irinsa.

Yanzu hunturu ya kama, ba na cire gilashi a waje ko da wa ya roƙe ni. Wanda ya san mai goge sensa na kirki a Yamai, mai kayan aikin gaske ba auduga da hura baki ba, don Allah ya sanar da ni kafin in ɗauki na maƙwabcin.