Littafin tsoro wanda dodon ɗan gida ne: wanne za ki saya wa ƙanwarki?

Ƙanwata 'yar shekara 15 ce ta saka ni wannan aikin. Ta ce ita ta gaji da littattafan soyayya, na ban tsoro take so yanzu, amma ba na aljanu da fatalwa ba, irin wanda abin tsoron uwa ce ko uba ko kaka, yarinya na cikin gidan tana neman yadda za ta fita da hankalinta. Ban yi mamaki ba gaskiya, mu da muka tashi da tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa ai mun san dodon cikin gida ya fi na dawa ban tsoro. Toh na zauna na sake duba guda huɗu da na taɓa karantawa, duk na Turanci ne, kuma zan faɗi ƙarshen wasu a nan don mai saya wa yaro ya kamata ya san me zai miƙa masa.

Wanda masu sayar da littattafan gwanjo za su fara miƙo miki shi ne Flowers in the Attic na V.C. Andrews, ya fito a 1979. Yara huɗu ne, Chris ɗan 14, Cathy 'yar 12, da tagwaye Cory da Carrie. Babansu ya rasu a hatsarin mota, uwar ta kwashe su zuwa gidan iyayenta masu kuɗi a Bajiniya ta Amurka, ta ce su ɓoye a saman bene na 'yan kwanaki har ta shawo kan tsohon ya saka ta a gado. 'Yan kwanakin nan suka zama shekara uku da wani abu. Kakar tana dukansu tana hana su abinci, uwar tana ta rage zuwa har daga baya aka gane guba ake barbaɗa musu a kan abin zaƙin da ake kai musu, Cory ya mutu. Littafin yana da jan rai wallahi, in kin fara ba ki ajiyewa. Amma ni ba zan ba 'yar 15 ba, ko 'yar 17 ma, saboda akwai lalata tsakanin wa da ƙanwa a ciki, kuma yadda aka rubuta wurin kamar ana so mai karatu ya ji daɗinsa ne maimakon ya ga irin ɓarnar da kullen ya yi wa yaran. Wannan ne ya fi damuna, ba dukan ba. Sannan ki lura, matar ta rasu tun 1986, tarin littattafan da suka fito bayan nan da sunanta wani ne mai suna Andrew Neiderman ya rubuta, kar ki ga sunan a bango ki kwaso.

Carrie na Stephen King, 1974, shi ne littafinsa na farko da aka buga, gajere ne kuma. Yarinya 'yar 16 da uwa mai tsattsauran ra'ayin addini da ke kulle ta a wani ɗan lungu wai ta yi addu'ar tuba. Ko maganar jinin al'ada uwar ba ta taɓa yi mata ba, sai a banɗakin makaranta ya zo mata ta zaci mutuwa za ta yi, 'yan ajinsu na mata dariya. Wannan wurin ya fi duk jinin da aka zubar a ƙarshe taɓa ni, don na san gidaje a nan da har yau ba a yi wa yarinya wannan maganar. Sai dai in tsira kike nema babu ita, ramuwar gayya ce, gari ya ƙone, uwa ta mutu, ita ma ta mutu. Turancin ma akwai ɗan nauyi saboda ana ta yanko labarin da rahoton jarida da bayanan kwamitin bincike. Na manya ne, 18 zuwa sama.

Coraline na Neil Gaiman, 2002, na ƙanana ne, kamar 11 zuwa 13. Yarinya ta buɗe wata ƙofa ta samu wata uwar mai idanun maɓalli da ke ba ta duk abin da take so, sharaɗin kuwa ta bari a ɗinka mata maɓalli a ido ta zauna har abada. Ba duka a ciki, soyayya ce mai kama da tarko, kuma yarinyar da wayonta ta kuɓuta. Ƙanwata ta wuce shi.

Wanda na tsaya a kai ba ma a layin na tsoro ake ajiye shi ba, Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, 2003. Kambili 'yar 15 ce a Inugu, babanta Eugene attajiri ne mai kamfanoni da gidan jarida, mai kyauta, kowa a coci na yabonsa, a gida kuma har jadawali yake rubuta wa yara na lokacin barci da karatu da addu'a, kuskure kaɗan sai duka. Akwai inda ya tsayar da ita a cikin baho ya zuba mata tafasasshen ruwa a ƙafa saboda ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya, yana zubawa yana kuka yana cewa don ta gyaru ne. Na karanta wurin nan sau biyu duk sai da na ajiye littafin. Abin da ya sa na fifita shi, Kambili tana son babanta, tana ƙishirwar ya yaba mata, ko magana ba ta iya yi sosai sai ta maƙale mata a wuya, kuma haka abin yake a zahiri, yaron da ake zalunta ba kullum yake tsanar mai zaluntarsa ba. Warakarta ma a hankali ta zo, a gidan gwaggonta Ifeoma a Nsukka, inda babu kuɗi amma ana dariya ana musu a wurin cin abinci. Gwaggon ma 'yar Katolika ce kamar baban, don haka ba addini littafin ke zagi ba. Ki dai sani akwai ɓarin ciki saboda duka, a ƙarshe uwar ta kashe baban da guba a shayi, Jaja wan Kambili ya ɗauki laifin ya tafi gidan yari, kuma Kambili ta kamu da son wani matashin limamin coci.

Wajen saya, ki buɗe ki duba lambobin shafi kafin ki biya, na satar fasaha sun yi yawa, wani takardar kamar ta ƙunshe ƙosai wani kuma shafi goma sun ɓace a tsakiya. Na Chimamanda ana buga shi a Najeriya shi ya sa ya fi sauƙin samu na gaske. Na kyauta da ke Wattpad da gurup-gurup na WhatsApp kuwa, har da namu na Hausa masu labarin kishiyar uwa da marainiya, akwai masu kyau amma ba edita, wani ya tsaya a rabi ba a ƙarasa ba, wani azaba ce kawai babi bayan babi ba mafita, sai kin karanta da kanki tukun.

In kuma kina zargin yarinyar da za ki ba littafin ita ma tana cikin irin wannan halin, kar ki miƙa mata ki tafi. Ni kwafi biyu na saya, muna karanta babi ɗaya bayan isha'i mu yi hira a kai, jiya muka kai inda suka isa Nsukka.