Salula ko karne: wanne ya fi riƙe wa ma'aikaci rana a Yamai?

Malama, kin ce kina zaune Harobanda a ƙetaren kogi, aikinki a wani biro cikin Filato, ga yara uku a lakol, kuma kullum Magariba na riske ki da rabin abin da kika ƙudurta da safe. Tambayarki: ki tsara ranarki awa-awa a kalandar salula, ko ki koma rubutu a karne, wato ɗan littafin rubutu? Duka biyun na yi amfani da su shekaru, ga abin da na gani.

Kalandar salula, irin Google Calendar, tana da abu guda da karne ba zai taɓa yi ba: tana kiranki. Taron ƙarfe 10, ganin likita, ranar biyan kuɗin lakol, maganin Inna na dare. Kin rubuta sau ɗaya, kin ce ta maimaita kowane wata, shi ke nan. Salula ta ɓace ma, abin da kika rubuta yana nan a intanet.

Amma tana ɗauka cewa ranarki a hannunki take. A garin nan kuwa wa ya isa ya ce haka? Kin sa "8:00, rubuta rahoto", sai cunkoson Gadar Kennedy ya ci minti arba'in. Tun 1970 gadar nan take, kuma ko da aka ƙara ta biyu a 2011 da ta uku a 2021, safiyar Litinin sai wanda ya gani. Kin iso, wuta ta ɗauke, ko baƙo daga gida ya shigo gaisuwa, kuma ba a duba agogo a gaban babba. Awa guda ta goce, sauran duk su bi ta, ƙarfe 11 ke nan kin riga kin ji ranar ta lalace. Wannan karayar zuciya ita ta fi damuna da tsarin, fiye da lattin kansa. Ga kuma WhatsApp a gefe: kin ɗauki salula don duba aiki, sai ki tsinci kanki cikin saƙonnin bikin dangi.

Karne bai kai jikka guda ba, ba ya neman caji, ba ya yin ƙara. Yadda nake yi: bayan Isha'i na raba shafin gobe gida huɗu, daga Asuba zuwa fita, daga isa biro zuwa Azahar, Azahar zuwa La'asar, sai La'asar zuwa dare. Kowane gida aiki biyu, iyaka uku. Babban aiki mai cin ƙwaƙwalwa kafin Azahar yake shiga, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40, don bayan cin abincin rana kai ba ya ja. Tsakanin Azahar da La'asar na bar wa ƙananan abubuwa: sa hannu, mayar da kira, shirya takardu. Kyan wannan rabo shi ne yana da sarari. Baƙo ya zo ya tafi, har yanzu "kafin Azahar" bai wuce ba. Kuma kiran salla tunatarwa ce da ba ki iya kashewa, yana tafiya da rana: Magaribar Yamai a Yuli ta kusan awa guda bayan ta Nuwamba, shafinki kuwa bai san an canza ba.

Aibinsa a fili yake. In kin manta shi a gida, ko ruwan Agusta ya jiƙa jakarki, ranar ta tafi. Kuma ba zai tashe ki ya ce taro saura minti goma ba.

Don haka ni ban ba su aiki iri ɗaya. Duk alƙawarin da wani ke jiranki a ƙarfe kaza, salula. Duk aikin da ke kaɗai za ki yi, karne. Da za a ce lalle ɗaya, a halin da kika faɗa, karne zan ce, domin ba mantuwar taro ke damunki ba, ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin rana ne, kuma shafi mai gida huɗu ba ya karɓar aiki ashirin.

Ki fara ranar Lahadi da dare. Shafin Juma'a kuma ki ba shi gida biyu kawai, tun da biro na tashi da wuri, yammar kuwa ta ziyarar ƴan'uwa ce.