Echinobase: Rumbun Bayanai Ga Mai Bibiyar Yadda Tauraron Teku Ke Sake Gina Jikinsa

Idan aka datse tsutsar tauraron teku mai suna Patiria miniata, wato 'yar wannan dabbar ruwa kafin ta girma, gida biyu, ba ta mutuwa. Kowane ɓari yakan rufe rauninsa, na baya ya sake samun baki, na gaba kuma ya sake gina abin da ya rasa. Neman ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan al'amari ne ya kai ni shafin intanet na Echinobase, wanda masana daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka da Jami'ar Calgary ta Kanada suke kula da shi, kuma ana shigarsa kyauta.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne shafin da aka ware wa kowace ƙwayar gado. Na rubuta sunan ɗaya daga cikin dangin Wnt, wato saƙon da ƙwayoyin halitta ke aika wa juna domin a bambance gaban jiki da bayansa, sai ga jerin sinadaranta, da mazauninta a taswirar gadon dabbar, da takwarorinta a wasu dabbobin, ciki har da bushiyar teku Strongylocentrotus purpuratus, wadda aka wallafa taswirar gadonta tun 2006. Wannan kwatance shi ne ƙashin bayan aikin, domin tambayar da ke gaban masana ita ce ko dabbar da aka yanka tana sake kunna tsarin da ya gina ta tun tana ɗan tayi ne, ko kuwa rauni yana da nasa umarnin na daban. Haka na bi sawun ƙwayar gadon sox2, wadda bincike ya nuna cewa ƙwayoyin da ke kunna ta bayan yanka suna cikin masu samar da sababbin jijiyoyi.

Akwai manhajar BLAST, mai nemo jerin da ya yi kama da wanda aka ba ta, ga wanda yake da jerin sinadarai amma bai san sunansa ba. Tana aikinta yadda ya kamata.

Sai dai mai shiga ya san iyakar shafin tun da wuri. Na dangin tauraron teku ne kawai, saboda haka wanda yake neman wata tsutsar teku daban mai suna Hofstenia miamia, wadda aka gano a 2019 cewa ƙwayar gadon egr ce ke buɗe ƙofar sake gina jikinta, dole ya nufi wani wuri. Ƙarfinsa ya fi karkata ga girman ɗan tayi, kuma an gina shi ne domin wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema. Ɗalibin da bai taɓa karanta taswirar gado ba zai buƙaci malami a gefensa a ranar farko.