Gargaɗi ga duk mai sayar da gidansa da kansa

Kashi 5 cikin 100 na kuɗin gidana wani mutum da ya zo a matsayin mai saye ya cinye min. Kashi 5! Ni da na ƙi sa dillali don kada a cire min la'ada.

Kafin wani ya kira ni sakarai, ku ji yadda ya zo. Ya shiga ɗaki ɗaki, ya buɗe famfo, ya leƙa banɗaki, ya ɗaga kai ya ga tabon yoyo a silin, ya ce sai na rage masa. Muka yi ta ciniki har raina ya ɓaci. Wane ɓarawo ne zai tsaya neman ragi a kan tabon ruwa? Wannan tabon nake ta tunawa. Ya nuna shi da makullin mota yana cewa, "Yallaɓai, wannan gyara ne babba." A nan na yarda da shi, kuma ko waye zai yarda.

Mun daidaita a kan kafin alƙalami kashi 10. Cek ya zo da kashi 15. Wai akawunsa ne ya yi kuskure, in mayar masa da rarar. Ban tura ba sai da na ga kuɗin a asusuna da idona, sannan na tura kashi 5 ɗin. Ashe banki na iya nuna kuɗin cek kafin ya tabbatar da shi daga bankin mai cek ɗin. Cek ya dawo na bogi, aka zare kashi 15 gaba ɗaya, nawa kuwa na gaske ne, ya tafi.

Tun kafin maganar cek ma, ko a ranar ce, ya sa na cire tallar gidan. Akwai wani magidanci da matarsa da suka nuna suna so da gaske, na ce musu an sayar. Sun sayi wani yanzu. Kuma ya karɓi kwafin takardar mallaka, wai lauyansa zai duba. Sai ga gidana a Facebook, da hotunan da na ɗauka da kaina, a farashi mai rahusa, da lambar waya da ba tawa ba. Wata baiwar Allah ta ƙwanƙwasa min ƙofa tana cewa ta biya kuɗin duba gida. Yanzu duk wanda ya ga talla biyu farashi biyu sai ya ce gidan rigima ne, ya gudu.

Hirarmu ta WhatsApp da hoton cek ɗin suna nan, zan saka su da zarar na rufe lambobin asusuna.

Kada ku mayar wa kowa rarar cek. Kada ku cire talla sai bankinku ya tabbatar kuɗi sun zauna. Takardu kuma lauya da lauya. Lambarsa a kashe take, amma tallar bogin tana nan har yanzu, na kai ƙorafi ba a sauke ta ba.