Na'urar awon hawan jini ta damtse da na saya a Gombe

Abokan atisayen asuba a filin wasa na Pantami sun dame ni da tambaya kan na'urar awon jinin da na saya a wani kemis da ke Jekadafari. Irin ta damtse ce mai batir 4, ba ta wuyan hannu ba. Ka ɗaura, ka danna maɓalli ɗaya, ta hura iska ta matse, kafin minti guda lambobi sun fito ɓaro-ɓaro, ko ba tabarau kana gani.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take fallasa aikin da sassarfa ke yi wa jiki. A zaune nakan samu wajen 134/84: lambar sama, 134, ƙarfin turin jini ce lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa, 84, kuwa lokacin da ta saki. In na tsaya daga zagayen fili ina haki na ɗaura, lambar sama ta haura 160, ta ƙasa kuwa ko gezau. Lafiyar na'urar ƙalau. Zuciyar da ke turo jini kusan lita 5 a minti in mutum na hutawa, takan kai lita 20 in gudu ya yi gudu, dole ta sama ta tashi. Hanyoyin jinin da ke cikin tsokar ƙafa kuma buɗewa suke yi su kwashi kaso mafi tsoka, shi ya sa ta ƙasa ba ta biyo baya. Bayan na koma gida na huta, lambar takan sauka ƙasa da inda ta faro, ta kuma jima a can.

Don haka awon bakin fili ba shi ake kai wa likita ba. A bari a yi rabin awa bayan motsa jiki, goro, shayi ko taba, a zauna minti 5, baya a jingine, hannu bisa tebur daidai ƙirji, baki a rufe. Masu surutu, wannan sharaɗin naku ne.

Inda ta gaza: ɗamarar da ta zo da ita ta damtsen santimita 22 zuwa 32 ce. Wani Alhaji maƙwabcina mai jiki ya gwada, da ƙyar ta rufe, kuma ɗamarar da ta yi ƙanƙanta ƙara lamba take yi. Takardar bayanin ma Turanci ne zalla, rubutu ƙanana. Batirin tebur ba ya jimawa a cikinta.

Mai kaurin hannu ya tambayi babbar ɗamara tun a shago. Tawa dai na kai ta asibiti an gwada da tasu, bambancin bai taka kara ya karya ba.