Metformin ko Pioglitazone: yadda kowannensu ke taɓa hanta

Metformin da pioglitazone magunguna ne na ciwon suga nau'i na biyu. A jikin mai wannan ciwon, hanta kan ci gaba da ƙera sukari ko da jini ya cika da shi, saboda ƙwayoyin gado biyu masu sa hanta ƙera sukari, PEPCK da G6Pase, sun ƙi lafawa. Metformin yana rage ƙarfin da ƙwayar hanta ke samu, ya tada sinadarin AMPK mai lura da ƙarfin cikin ƙwayar, sai aikin waɗannan biyun ya ja baya. Ana farawa da 500mg tare da abinci, a ƙara sannu a hankali zuwa kusan 2,000mg a rana. Wanda ya yi gaggawa, gudawa da tashin zuciya na iya samun sa. Idan gwajin ƙoda na eGFR ya sauka ƙasa da 30, a daina.

Shi kuwa pioglitazone, 15mg zuwa 45mg sau ɗaya a rana, yana kama PPAR-gamma ne, wani sinadari mai sarrafa ajiyar kitse a cikin ƙwayoyin kitse, sai kitsen da ya taru a hanta ya koma ma'ajiyarsa. Sai an yi makonni kafin a ga amfaninsa. Yana riƙe ruwa a jiki, ƙafa ta kumbura har takalmi ya matse, don haka mai ciwon gazawar zuciya ya nisance shi.

Ga yawancin masu ciwon suga da ke zuwa asibitocin Kano, metformin ne mafari, kuma likita kan raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki lokacin azumi.