Ƴar bindigar ƙyastu da na saya a gwanjo, ga yadda na same ta

Masu tambayata ko sayen tsohuwar bindigar ƙyastu ta gwanjon intanet a nan Ingila abin yi ne, eh abin yi ne, amma fa sai idonka a buɗe yake. Tawa ƴar ƙarama ce ta aljihu, tsawonta bai wuce tafin hannu da yatsu ba, irin wadda ake murɗe bututun a cire, a zuba albarushi a ɗora harsashin dalma sannan a mayar a ɗaure. Kunamar ma a ɓoye take a ciki, sai ka ja ƙarfen da ke riƙe da dutsen ƙanƙarar baya sannan ta faɗo ƙasa da kanta, wallahi aikin hannun mutanen nan abin kallo ne, shekara wajen 200 amma har yanzu in ka ɗana ta za ka ji ƙarar nan ƙas, ba ta girgiɗi ko kaɗan.

A gefenta an zana LONDON, kuma haka masu gwanjon suka rubuta a bayaninsu. To ni dama ban yarda da rubutun gefe ba, domin maƙeran Birmingham da yawa sun riƙa buga sunan Landan a kayansu don su yi daraja a kasuwa. Na ce a turo min hoton hatimin gwaji da ke jikin bututun, suka turo ba ɓata lokaci, a nan kam na yaba musu. Sanduna biyu ne a gicciye da kambi a sama, ɗaya da haruffan BPC ɗaya da V, wato hatimin gidan gwajin bindiga na Birmingham wanda aka kafa a 1813, na Landan kuwa kambi ne a kan GP. Kenan ƴar Birmingham ce kuma ba ta girmi 1813 ba. Ni hakan ma ya fi min daɗi, don daga garin nan aka riƙa lodin bindigogi zuwa Afirka ta Yamma, kakannin bindigar toka ta maharbanmu, duwatsun ƙanƙarar kuma daga Brandon da ke Suffolk.

Abin da na fi tsoro shi ne wadda aka yi wa kwaskwarima. Bayan Alexander Forsyth, wani ɗan Scotland, ya yi rajistar sabuwar dabararsa ta kunna albarushi ba tare da dutse ba a 1807, sannu a hankali aka daina yayin dutse, aka canja bindigogi da dama zuwa sabon tsarin, daga baya kuma wasu dillalai suka sake mayar da su na dutse don sun fi kuɗi. Dan Allah ka duba kewayen ƴar ƙofar da wuta ke shiga da kyau, in ka ga alamar walda ko launin ƙarfen ya bambanta to ka haƙura. Tawa lafiya lau take ta nan.

Inda masu gwanjon suka ɓata min rai biyu ne. Notin da ke matse dutsen sabo ne, da gani ka san ba nata ba ne, kuma ba su faɗa ba. Sai la'ada, wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin, ga haraji ga kuɗin aike, sai da jimillar ta wuce abin da na yi niyya sosai. An dai naɗo ta da kyau, ko ƙwarzane babu.

Dokar bindigogi ta Burtaniya ta 1968 ta yarda ka ajiye irinta ba lasisi matuƙar don tarihi ko ado ne, in harbawa za ka yi sai da lasisi, ni ko a kyauta ba zan zuba mata albarushi ba. Kuma kada ka kuskura ka goge ta don ta yi ƙyalli, darajarta za ka kashe, ɗan kaki da tsumma mai laushi sun isa. Zan sake saye a wajensu, amma sai sun ba ni cikakken bayanin lafiyar kayan a rubuce, kuma yanzu irin ƴar bindigar ƙyastun da ake kira Queen Anne mai azurfa a gindi nake hari.